Sharar Birni Haƙƙin Gona Ce

Ga shi sanyi ya wuce, bazara ta ƙarato, lokacin da kowane manomi ya ke tunanin abin da zai ba gonarsa kafin ruwan shuka ya sauka. A wannan lokaci ne kuma maganar shara ta kan tashi a manyan garuruwa, don hukuma tana tsoron kada ruwan farko ya tarad da lambatu a toshe. To, ga mutum biyu. Ɗaya yana neman inda zai kai shara, ɗaya yana neman inda zai samo taki, alhali kuwa abu ɗaya su ke magana a kai. Sai dai sun daina haɗuwa.

A da kullum safiya su ke haɗuwa. Dattawan ƙauyukan da ke kewaye da Kano, irin su Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu, ba su manta ba. Da rani, tun da asuba, jakuna su kan shigo birni ɗauke da itace da kara da harawa. In an sauke an sayar, ba a komar da jaki haka nan. A kan cika masa mangala da abin da aka sharo daga gidaje: toka daga murhu, kashin awaki da na tumaki daga turke, ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, da ƙurar tsakar gida. A kai gona a zuba tsibi-tsibi, su zauna su jira huɗa. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya bi wannan al'amari cikin shekarun 1960. Ya nuna cewa wannan taki yana cikin abin da ya sa a ke noma gonakin karkarar Kano kowace shekara ba hutu, ga jama'a cunkushe, amma ƙasa ba ta mutu ba. Birni ya ci abin da gona ta haifa, ya mayar mata da ragowa. Ba wanda ya sa wa abin suna, ba a sayo masa mota ba, amma ya share gari, ya kuma ciyad da gari.

Ruwa ba ya tsami banza. Abu biyu suka ɓata wannan zumunci. Na farko girman gari. A ƙidayar shekara ta 1952 mutanen birnin Kano da waje kamar 130,000 ne. Yau, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, sun haura miliyan 4. Gonakin da jaki ya ke kaiwa ya komo kafin hantsi duk sun zama unguwanni, gona ta ja da baya, sai da tifa a ke isa gare ta. Wannan da sauƙi, maganar kuɗin mota ce. Na biyu shi ne mai wuya, watau sharar kanta ta sāke. Sharar da ba ta da abin da ba ya ruɓewa sai tsingaro da ƙashi. Ta yau kuwa leda ce a sama, leda a ƙasa, ga ledar ruwan sha wadda ta cika ko'ina tun shekarun 1990, ga fasassun kwalabe, ga tsohon batir, ga ƙunzugun jarirai na kanti, wani lokaci har da allurar da aka yi wa majinyaci.

Duk da haka manomi bai daina saye ba, don ƙasarsa na jin yunwa. Ya kan biya direban tifa a juye masa lodi a bakin gona, sa'an nan ya sake biyan yara su tsince leda. Su tsinci manya, ƙanana su saura. Wanda ya bi hanyar fita kowane babban gari da kaka, bayan an kwashe amfani, zai ga gonaki baƙi da fari kamar an shanya tsummoki, ga ledar ta maƙale a kututturen dawa tana kaɗawa. Leda ba ta ruɓewa. Rana ta kan cinye ta ne ta daddage, ta zama gutsattsari cikin ƙasa. Inda ta kwanta saiwa ba ta ratsawa, ruwa ba ya nutsewa sosai, garma kuwa kullum cikin sarƙewa. In an saki dabbobi cin karmami su haɗa da ita, musamman wadda ta taɓa gishiri ko mai. Mahauta su ne shaidu. Sau nawa a kan yanka tunkiya ramammiya, a buɗe tumbi a tarad da leda a nannaɗe ta yi dunƙule, ta hana abinci wucewa. Mai ita ya yi ta sayen dusa da maganin tsutsa a banza.

Leda dai ana ganinta da ido. Abin tsoro shi ne wanda ba a gani. Tsohon batirin mota akwai dalma a ciki, ƙananan na tocila da rediyo su ma da nasu dafin. Dalma in ta shiga ƙasa ba ta fita, ruwan sama ba ya wanke ta, shekaru ba sa cinye ta. Jama'a ba su manta da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara cikin shekara ta 2010 ba, inda yara kamar 400 suka rasu saboda ƙurar dalma. Gaskiya ne can daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta fito, ba daga shara ba. Amma abin lura shi ne, da aka zo gyara, ba a sami wata dabara ba sai kankare ƙasar tsakar gidajen a kwashe ta, a kawo sabuwa. Wa zai kankare eka biyu? Haka kuma dattin masana'antun jima irin na Sharaɗa da Calawa da Bompai, akwai wani sinadari a ciki da a ke kira kuromiyam, wanda majeman gargajiya masu aiki da bagaruwa ba su san shi ba. Ganyaye irin alayyafo da latas sun fi hatsi saurin ɗaukar irin waɗannan abubuwa, kuma su ne a ke nomawa kusa da gari. Saboda haka manomin da tifa ta tsaya a bakin gonarsa, kafin ya tambayi nawa ne, ya fara tambaya daga ina ne. In daga bayan asibiti ne, ko unguwar masana'antu, ko wurin masu fasa batir, ko kyauta aka ba shi ya yi tsada.

Kada a ce wannan ciwon Kano ne ita kaɗai. Cikin shekara ta 2018 Bankin Duniya ya fitad da lissafin sharar duniya. Ya ce a ƙasashe matalauta fiye da rabin shara ragowar abinci ce da ganye, watau abin da ke ruɓewa. Ya ce abin da a ke kwashewa a can bai kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 a fili a ke jibge shi, ko a cinna masa wuta. To, wannan rabin mai ruɓewa, in an danne shi cikin tsaunin bola inda iska ba ta shiga, ba ya zama taki. Ya kan fitad da baƙin ruwa mai wari ya bi ƙasa ya sami rijiyoyi, ya kuma fitad da wata iska mai kama wuta, shi ya sa babbar bola ta ke hayaƙi dare da rana ba wanda ya kunna ta. Tsaunin kuma ya kan yi laushi daga ciki. A watan Maris na 2017 bolar Koshe ta birnin Addis Ababa, a ƙasar Habasha, ta zabtaro kan gidajen talakawan da ke gindinta, mutum fiye da 110 suka mutu. A watan Agusta na 2024 aka sake ganin irinsa a bolar Kiteezi ta Kampala, a Uganda, mutum fiye da 30. Abin da ya binne su, da an kai shi gona tun yana ɗanye, da gero ya zama.

Galibin masu mulkin birane, in an yi maganar shara, hankalinsu ya kan tafi ga sababbin motoci, da sabon filin zubarwa mai nisa, da wani babban inji daga ƙasashen waje wanda aka ce zai rarrabe kome da kome. Wannan kama wutsiya ne a bar kai. In shara ta riga ta cakuɗe, ta kwana uku cikin rana, ruɓaɓɓen tumatir ya manne da leda, kwalba ta farfashe a ciki, ba injin da zai raba su da araha. Birane da dama a Afirka da Asiya sun gwada. Abin da ke fitowa taki ne mai ƙyalƙyalin gilashi, manomi ya sa hannu ya yanke, bai sake saye ba. Daga nan wani ƙarfe ya karye, ba a sami madadinsa ba, inji ya zama maɓoyar ƙadangaru. Banda wannan, sharar garuruwan Arewa ƙasa ce mai yawa, don tsintsiya ba ta barin tsakar gida sai ta ɗebo yashi. Ashe motar da aka sayo da tsada, a ke zuba mata mai da tsada, wani kaso na aikinta jigilar rairayi ne zuwa bayan gari.

Wurin rarrabewa shi ne bakin ƙofa, tun ba a haɗa ba. Masu cewa mutanen ƙasar nan ba za su iya ba, su dubi 'yan jari-bola. Ba doka, ba albashi, amma yau da wuya a ga tsohon ƙarfe ko tukunyar alminiyam ko gorar ruwa ta kwana a bola. Me ya sa? Suna da farashi. Matan gida ma sun daɗe suna rarrabewa: dusa da ɓawon rogo na akuya, ƙanzo na kaji ko na kwaɗo, gwangwani na mai saye. Duk abin da ke da mai saye ba ya zama shara. Abin da ya rage shi ne mai ruɓewa ya sami nasa farashin, kuma ba zai samu ba sai ya fito da tsabta.

Don haka kasuwa ce wurin farawa, ba gidaje ba. Gidaje dubbai ne, kowa da halinsa. Kasuwa kuwa wuri ɗaya ce, dattinta iri ɗaya, tana kuma da shugabanni waɗanda a ke jin maganarsu. A dubi 'Yan Kaba da safe lokacin tumatir, abin da a ke zubarwa na ruɓaɓɓen kayan miya da ganyen kabeji da ciyawar da aka shimfiɗa cikin kwanduna. A dubi 'Yan Lemo da ɓawon lemo da ayaba da kankana da ganyen da aka lulluɓo su da shi. A dubi Dawanau da ƙaiƙayi da sharar hatsi. Ga mahauta da abin cikin tumbi da jini, ga kara inda shanu ke kwana. Waɗannan duka taki ne tsantsa, leda kaɗan ce ke ɓata su, ita ma don ba a tanadi inda za a jefa ta dabam ba. Ganga biyu a kowane layi, da mutum ɗaya mai tsaro wanda 'yan kasuwa suka sani, sun isa a fara. A birnin Dhaka na ƙasar Bangladesh wata ƙungiya mai suna Waste Concern ta fara haka cikin 1995, da kekunan ɗaukar kaya da 'yan ma'aikata kaɗan a unguwa ɗaya. Da abin ya kafu suka koma kwasar dattin kasuwar kayan lambu, suna yin taki suna sayar wa manoma. Da hannu da shebur suka fara, inji daga baya ya zo.

Yin takin kansa ba sabon ilmi ba ne. Wani masanin aikin gona na Ingila, Albert Howard, ya tsara shi a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, kuma ya faɗa da bakinsa cewa a wurin manoman ƙasar ya koyi abu da yawa. Ga yadda ya ke. A haƙa rami marar zurfi, kamar ƙafa 2, faɗinsa da tsawonsa gwargwadon kayan da a ke da su, a inuwa in da hali. Da damina kuwa a yi tsibi a tudu, kada ruwa ya kwanta. A fara shimfiɗa busassun kaya, kara da aka sassara ko ciyawa ko ƙaiƙayi, kaurin kamar taƙi ɗaya. A bi da ɗanyun kaya na kasuwa. A bi da kashin dabbobi ko abin cikin tumbi, kaurin yatsa biyu ko uku. A barbaɗa toka da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa. A sake komawa farko, hawa-hawa, har tsibin ya kai ƙugu ko ƙirji. Kada a tattake, don abin yana numfashi. A soka sanduna biyu ko uku a tsaye, a zare su bayan an gama, su bar ƙofar iska. A rufe da ciyawa ko tsohon zana.

Ruwan ya zama daidai. In an damƙi kayan a hannu a ji danshi, amma kada ruwa ya zubo. Bayan kwana uku ko huɗu a soka sanda har tsakiya, a bar ta ɗan lokaci a zaro. In ta fito da zafi da danshi, aiki na tafiya. In ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In ta fito da wari kamar na masai, ruwa ya yi yawa ko an danne, sai a juya a ƙara busassun kaya. Wannan zafi shi ne asirin abin. Ya kan kai awo 60 na ma'aunin zafi ko fiye, kuma shi ke kashe 'ya'yan ciyawa da ƙwan ƙuda da ƙwan tsutsar ciki. Shi ne bambancin taki da juji. Juji ruɓewa ya ke yi a sanyaye, manomi ya kwaso shi ya shuka wa kansa ciyawar da bai taɓa gani ba. A juya tsibin sau uku, bayan kamar mako biyu, da bayan wata ɗaya, da bayan wata biyu, na gefe ya koma tsakiya. Cikin kamar kwana 90 ya nuna: baƙi, marmashi, da ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Zai ragu ƙwarai, wajen rabi, kada wannan ya ba kowa tsoro. Abin da motocin kwasar masai ke juyewa kuwa, ɗanyensa ba na lambu ba ne ko kaɗan, balle kan abin da a ke ci ba dafawa.

Akwai mai cewa, ina amfanin wannan wahala ga takin zamani a buhu? Maganarsa da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a ruɗi manomi ba. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Tan guda na takin shara mai kyau, wanda a ke samu a ciki bai fi wajen kilo 10 ba, kuma a hankali ya ke sakinsa. Ga nauyi. In gona ta yi nisa da gari, kuɗin mota ya cinye ribar. Wannan taki na manoman kusa da gari ne da masu lambu a fadama, na nesa ya yi nasa da abin da ke turkensa. Amma wanda ya ke noma jigawa ya san abin da buhu ba ya yi. Ya zuba takin zamani, a yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, ya wuce ƙasa kamar an zuba a rariya. Takin gargajiya shi ne ke riƙe ruwa, ya riƙe na buhun ma har saiwa ta same shi. Gonar da ta sha shi ta fi jure fashin ruwa na kwana goma, ƙuduji kuma ya fi son gonar da ta gaji. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Kuma wanda ya ga yadda kuɗin buhu ya tashi cikin 2022, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukren ya tsare hanyoyin ciniki, ya san haɗarin jingina gona duka ga abin da jirgin ruwa ke kawowa.

Maganar hana leda da doka ta kan taso. Bangladesh ta hana ta cikin 2002 bayan an ga yadda ta toshe magudanai lokacin ambaliya, Ruwanda cikin 2008, Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar cikin 2014, Kenya cikin 2017. Inda aka tsaya a kan dokar, kamar Ruwanda, an ga bambanci a titi. Inda aka bar ta a takarda, ledar tana nan tana lilo a kan ƙaya. Mai sayar da ƙosai ba zai bar leda don an karanta doka a rediyo ba, sai ya sami abin da zai ƙunshe ƙosan da shi, sai kuma mai saye ya koma fitowa da kwanonsa ko kwandonsa kamar yadda iyayensa su ke yi. Wannan zai ɗauki lokaci, gona kuwa ba za ta jira ba.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma ba mai tsada ba ne. Akawun da ke rubuta kuɗin man motocin shara ya fi kowa sanin abin da sawu ɗaya zuwa bayan gari ya ke ci. Ya lissafa sawu nawa za a rage in dattin kasuwa ɗaya ya tsaya kusa da ita. A ba matasa masu kura da baro ɗan fili da ruwa kusa da kasuwar, da takardar izini don kada a riƙa korarsu, kada kuma a ɗora musu haraji tun ba su sayar da buhu ɗaya ba. Malaman gona su duba aikin, su haɗa su da masu lambu. Duba-gari ya sa ido kada wurin ya koma juji, don in an yi sakaci da juyawa, ƙuda da wari za su sa maƙwabta su tashi a kansa, kuma suna da gaskiya. Tsabtar gari ta ƙarshen wata, wadda aka saba da ita tun shekarun 1980, tana fito da shara bakin titi, amma a cakuɗe, da yawanta kuma wuta ce ƙarshenta. Hayaƙin leda ya shiga ƙirjin yara, abincin ganyen da ke cikin sharar ya bi iska, toka kaɗai ta rage.

Manomin da ya riga ya sayi lodinsa na bana, kada ya watsa shi yadda ya zo. Ya sami ragar waya irin ta magina ya kafa ta a karkace, ya tankaɗe da shebur, da takalmi a ƙafa, yaran da ke tsinta kuma kada su sa hannu tsirara. Leda da kwalba da batir a tara su cikin buhu a fitad da su daga gona, ba a ƙone su a kan kunya ba. Abin da ya wuce raga a haɗa shi da kashin turke da sauran kara, a jiƙa, a tsiba, a juya. Wanda ya haɗa nasa cikin watan Maris zai same shi a Yuni, daidai huɗa. Wanda ya makara kada ya zuba ɗanye a gindin shuka, zai ƙone ta. Ya bar shi a tudu a rufe har kaka, ya kai wa albasa da tumatir na rani.